Mutumin da Ya Hana a Cika Ginshiƙan Kasuwa

Kafin masu rumfuna su fara buɗe kwado da kakkaɓe kaya, Baba Mai Tsani ya riga ya ci rabin aikin safiyarsa. Ta ƙofar baya yakan shigo tsohuwar kasuwa, wadda ke kallon tashar mota, da sifana a aljihu da doguwar waya naɗe a kafaɗa. Ba ya amsa gaisuwa da kyau sai ya ɗaga kai ya dubi rufi tukuna. Masu gadi sun saba, sun daina jin haushi. Daga nan sai ya bi layi-layi yana jan sarƙoƙin da ke buɗe tagogin can ƙololuwa, don zafin da ya taru ƙarƙashin kwano ya samu hanyar fita. In ya gama, ya ɗauko tsaninsa a bayan ofishin kwamiti, ya jingina da bangon gabas, ya haye. A sama zai yi ta rarrafe cikin magudanan ruwa yana kwashe leda da gashin tantabaru, yana zura waya a kowane rami, har rana ta fara dukan ƙeyarsa. Sannan ya sauko, ya wanke hannu a famfon layin masu kifi, ya je rumfar 'yarsa tela ya zauna ya miƙe ƙafa.

Haka ya yi shekara arba'in da ɗaya, har zuwa watan jiya da ya ajiye aiki. Kuma da yawa daga cikinmu 'yan kasuwar, da a ce an tare mu an tambaye mu mene ne aikinsa, cewa za mu yi ai shi ne mai korar tantabaru. Abin kunya ne, amma gaskiya ce, shi ya sa aka ga ya wajaba a rubuta wannan tun yana raye yana ji.

Wanda bai san kasuwar ba, bari a zayyana masa ita. Turawan mulkin mallaka suka gina ta, kuma kada wani ya ce don ƙaunarmu suka yi. So suke su tara masu saye da sayarwa a inuwa ɗaya, inda idon ɗan sanda guda zai kai ga kowa. Ƙarfen ginin gaba ɗaya a ƙasarsu aka zubo shi gunduwa-gunduwa, kowace da lambarta. Jirgin ruwa ya kawo, jirgin ƙasa ya ƙarasa, kakanninmu suka ɗauko a ka daga tasha ba tare da an tambaye su ko suna so ba. Gaban ginin, inda hasumiyar agogo take da baranda mai ƙofofi masu lanƙwasa kamar baka, nan aka ware wa kantunan Turawa, mu kuwa aka bar mana ciki da baya. Yau agogon ya daɗe da tsayawa, barandar ta koma hannun masu gyaran waya, amma bangon jan bulon yana nan daram da ƙofofinsa huɗu. Rufin kuwa ba guda ba ne. Tudu bakwai ne a jere kamar kunyoyin gona, tsakanin kowane tudu da ɗan'uwansa akwai doguwar magudana, shida ke nan. Ƙarƙashin kowace magudana ginshiƙan ƙarfe huɗu ne ke ɗauke da nauyi.

A nan dabarar ginin take. Wanda ya zana shi mutum ne mai son ƙawa, bai so a ga bututu yana lilo a fuskar gininsa. Sai ya sa aka zuba ginshiƙan da rami a ciki tun daga sama har ƙasa. Ruwan sama in ya taru a magudana, cikin ginshiƙi yake bi ya sauka, ya ratsa ƙarƙashin daɓe, ya fita ta bakuna shida a kwatar bayan kasuwa. A gindin kowane ginshiƙi akwai ɗan murfi mai noti huɗu, wanda ake buɗewa a kwashe datti. Mai karatu zai ce to ai duk wanda ya yi damina ɗaya a kasuwar ya san wannan. Ina! In ruwa ya sauka a kan wancan kwanon, mutum ba ya jin maganar wanda ke gefensa, balle motsin ruwa a cikin ƙarfe. Ga shi kuma mun bi ginshiƙan mun lulluɓe da kanta da ƙusa da rataye-rataye, har wasu sun manta cewa akwai ƙarfe a bayan kayansu. Takardun zanen ginin kuwa gara ta cinye su a ofishin hukumar birni tun kafin a haifi yawancinmu. Abin da ya rage na sanin ginin nan, a kan mutum ɗaya ya rage.

Shi ma gado ya yi, amma ba na jini ba. Yana magidanci mai shekara ashirin da bakwai, yana dako a ƙofar baya, tsohon mai kula da rufin ya lura da shi don ba ya jin jiri in ya hau saman lodin mota. Tsohon nan mahaifinsa yana cikin waɗanda suka ɗauko ƙarfen a ka. Damina biyu ya yi yana zagayawa da Baba, kuma abin da ya fi maimaita masa shi ne rufin nan ba ya tsoron rana, ba ya tsoron iska, ruwan da ya tsaya a kansa kaɗai yake tsoro. Baba ya riƙe wannan magana ya yi aiki da ita. Matan layin zare har gobe suna ba da labarin shekarar da wuta ta tashi a layin masu katifa, hayaƙi ya turnuƙe, kowa yana neman ƙofa, shi kuwa ya kutsa ciki yana jan sarƙoƙin tagogi har hayaƙin ya miƙe sama mutane suka ga hanya. Da aka yi taron godiya daga baya, an kira sunayen mutane da yawa, nasa bai shiga ba, shi kuma ko a jikinsa.

Saura kwana goma sha biyu ya ajiye aiki sai abin ya taso. Wani ɓawon tsatsa mai faɗin tafin hannu ya ɓalle daga kan wani ginshiƙi ya faɗo cikin tiren wata mai sayar da sabulu. Aka kira shugaban kwamitin kasuwa. Alhajin nan mai sayar da kwanuka da tangaran ne, kuma a yi masa adalci, ba mugu ba ne. Shi ya gyara makewayi, shi ya kori 'yan sane. Matsalarsa ɗaya, in ya ƙulla abu a ransa sai dai a bar shi. Ya zo ya dubi ginshiƙin, ya ƙwanƙwasa shi da makullin mota, ya ji ya amsa kamar fankon gwangwani. Ya ƙwanƙwasa na biyu, haka. Na uku, haka. Ya aika aka kira masa wani ɗan kwangila da ya gina masa gida.

Shi ɗan kwangilar nan gidajen bulo da kankare ya sani, kuma a duniyarsa ginshiƙin da ya yi ƙarar fanko ma'anarsa ɗaya ce: magini ya saci siminti. Ya zagaya ya ƙwanƙwasa, ya girgiza kai.

“Alhaji, ashe Turawan ma sun iya ha'inci,” in ji shi. “Shekara ɗari kuna zaune ƙarƙashin bututun banza. Allah ne kawai ya tsare. Amma abu ne mai sauƙi. A dama kankare mai ruwa-ruwa a ɗura ta sama har su cika. Kwana biyu an gama, kuma ba za su sake motsi ba har abada.”

Ranar Alhamis kwamiti ya zauna don a sa hannu. Baba ba ɗan kwamiti ba ne, ba shi da kujera a ɗakin. A bakin ƙofa ya tsaya har aka gaji da ganinsa aka ce ya yi magana.

“Ranka ya daɗe, ramin nan ba cuta ba ne,” in ji shi. “Hanyar ruwa ce. In aka cika shi, ruwan damina ba shi da inda za shi. A kan rufi zai tsaya, kuma kwanon nan ba zai ɗauka ba.”

Ɗan kwangila ya yi murmushi. “Baba, shekarata ashirin ina gini, ban taɓa ganin an bi da ruwa ta cikin ginshiƙi ba. Ina takardar da ta nuna haka?”

“Gara ta ci.”

“To garar ce shaidarka ke nan?”

Ɗakin ya kwashe da dariya. Baba bai yi fushi ba. Ya ja su zuwa ginshiƙin layin zare, ya kwance murfin gindinsa ya nuna musu. Amma wata shida rabon da a ga ruwan sama, cikin a bushe yake ƙayau. Ɗan kwangila ya leƙa ya ce wannan ai ƙofar duba tsatsa ce, ta ma ƙara nuna Turawan sun san ɓarnar da suka yi. Sai shugaba ya dafa kafaɗar Baba ya faɗi maganar da ta fi dariyar zafi.

“Baba, mun san ka yi wa kasuwa hidima. 'Yan kwanaki suka rage ka huta. Ka bar wa masu ilimin abin.”

Maganar ta soke shi, ba ya ɓoyewa. Washegari ya sa rigarsa mai kyau ya tafi hukumar birni neman injiniyar da ke kula da tsofaffin gine-gine. Aka ce ta tafi taro wani gari, ya rubuto takarda, za a duba nan da mako uku. Motar siminti kuwa ranar Litinin za ta zo, ga hadari ya fara leƙowa daga gabas kowace yamma yana komawa.

Ranar Asabar da rana ya je ya zauna a rumfar 'yarsa. Ita ce babbar 'yarsa, uwar 'ya'ya huɗu, kuma ita kaɗai ce a gidan take iya faɗa masa gaskiya ido da ido.

“Baba, ka faɗa musu, sun ƙi ji,” ta ce, ƙafarta na kan keke. “Ka fita haƙƙinsu. Ka bar su su yi abinsu, kada hawan jini ya kama ka a banza.”

“Ɗaga kanki,” in ji shi. “Me ke samanki?”

“Kwano mana.”

“Magudana ta uku ce. In ruwan awa biyu ya tsaya a cikinta, kan wa za ta sauka?”

Ta ɗauke ƙafa daga keken. Ta daɗe tana kallon sama, sannan ta tambaye shi me yake so ya yi. Da ya faɗa mata, ta ɗaure fuska.

“Likita cewa ya yi kada ka ɗauki abin da ya fi buta nauyi, da gwiwar nan taka.”

“Ɗauka ya hana. Bai ce komai a kan jan igiya ba.”

“Haka za ka faɗa wa Inna in an kawo mata kai a kwance?”

“Ke za ki faɗa mata, kin fi ni iya magana.”

Ba ta yi dariya ba, amma ita ce ta tashi ta je wurin Iya mai bula, tsohuwar da ke sayar da shuɗin garin nan da ake sa wa fararen kaya in an wanke, ta karɓo ƙulli uku. Ita ce kuma ta yi magana da babban 'yan dako, wanda ake kira Ƙato, ya yi alkawarin bokitai da majiya ƙarfi.

Litinin da hantsi motar siminti ta tsaya a ƙofar baya. Shugaba ya iso da ɗan kwangila, suka tarar da Baba a gindin tsaninsa, da igiya, da bokiti goma sha biyu cike da ruwa shuɗi shar, 'yan dako sun yi cirko-cirko a bayansa.

“Ranka ya daɗe, awa ɗaya nake roƙo,” in ji Baba. “Ka zaɓi ginshiƙin da ka ga dama. Zan zuba ruwan nan ta samansa. In bai fito a kwatar baya ba, da hannuna zan taya ku dama kankaren.”

Mutane sun riga sun taru, ba yadda shugaba zai ce a'a. Ya ɗan yi tunani, sai ya ce to a gwada wanda ke cikin shagonsa, don shi ne wanda ya tabbata ba a yi masa wata dabara ba.

Cikin ginshiƙai ashirin da huɗu, wannan ne kaɗai Baba bai buɗe gindinsa ba shekara shida. Tun da shugaba ya faɗaɗa shago ya kewaye ginshiƙin da kanta, murfin ya shige bayan katako. Sau uku Baba yana zuwa roƙon a ɗage masa, ana ce masa ya dawo gobe, har ya haƙura yana zura waya ta sama kawai, bara ma wayar a rabi ta tsaya. Sauran ginshiƙai uku na wannan magudana su ke ɗauke masa aikinsa. Yana iya cewa a zaɓi wani, amma ya san da ya buɗe baki za a ce asirinsa ya tonu. Sai ya ce to, ya kama tsani.

A sama ya tare magudanar da buhunan yashi ta gaba da baya, don kada ruwan ya gudu zuwa wani rami. Ya jefo igiya. Ƙato yana ɗaura bokiti, shi yana ja, dattijo mai shekara sittin da takwas, gwiwa ɗaya a ƙasa ɗaya a miƙe don ba ta lanƙwasuwa. Jama'a suka ɗunguma zuwa kwatar baya suka zuba wa baki na huɗu ido, wanda ruwan ginshiƙin shugaba zai fita ta cikinsa. Bokiti na farko ya tafi, shiru. Na uku, shiru. Na shida, ko danshi. 'Yarsa tana gindin tsani ta riƙe shi da hannu biyu duk da ba kowa a kai. Da aka kai na tara wani ya ce wataƙila tantabaru ne suke shanyewa, aka yi dariya. Ɗan kwangila ya dubi agogonsa ya ce wa mutanensa su fara sauke buhuna.

Baba yana jin dariyar daga sama. Igiya ta ɗaye masa tafi. Yana kallo ruwan ya cika ginshiƙin ya dawo baki, ya kwanta a magudana yana ƙaruwa, ya kai leɓen kwano. Ya san abin da zai biyo baya, kuma bai tsaya ba. Ya jawo na goma, da na sha ɗaya, da na sha biyu, ya juye duka.

Mai sayar da fitilu, maƙwabcin shugaba a layi, shi ya zo kwatar baya yana tafe yana gyara hula. “Alhaji, ka zo ka gani,” in ji shi. “Ana ruwan bula a shagonka.”

Kafin Baba ya gama saukowa, rabin kasuwa ta koma ƙofar shagon. Ruwa shuɗi yana tsiyayowa ta haɗin kwano, yana bin fararen farantai layi-layi, yana taruwa cikin kofuna. Shugaba ya tsaya a tsakiya ya yi tsuru-tsuru, ɗigo yana sauka a kafaɗar farar rigarsa. Baba ya ratso mutane yana ɗingishi. Bai ɗaga murya ba.

“Ranka ya daɗe, wannan da kake gani shi ne ginshiƙin da aka cika. Leda ce ta cika shi, ba siminti ba, kuma bokiti goma sha biyu ne kacal. Ka auna ruwan damina a kan ashirin da huɗu. Leda ina iya fitar da ita yanzu. Siminti ba mai fitar da shi.” Ya nuna kantar. “A ɗage min wannan.”

Shugaba da kansa ya fara kwashe farantan yana miƙa wa mutane, 'yan dako suka ja katakon gefe. Ga murfin nan, fenti da tsatsa sun haɗe notinsa. Baba ya durƙusa a kan gwiwar da likita ya ce a lallaɓa, ya ɗiga mai, ya sa sifana. Noti na farko ya ƙi, ya sa ƙarfin kafaɗa har ya yi ƙara ya juya. Da na uku ya saki, ruwa ya fara feso masa a ƙirji da fuska. Bai kauce ba. Ya karkata murfin, ya cusa hannu har gwiwar hannu, ya jawo wani dunƙulen leda da tsummoki da sheƙar tsuntsu mai girman kan mutum. Sai aka ji ginshiƙin ya yi wani gurnani, ruwan ya zarce ƙasa ya bi ƙarƙashin ƙafafun mutane.

Iya mai bula ce kaɗai ba ta bar kwatar baya ba, don ta ce ita bularta take jira. Muryarta aka jiyo tun daga can: “Ga shi nan ya fito!”

Ɗan kwangila ya je ya gani da idonsa, ya dawo ya tsuguna kusa da Baba, ya sa hannu cikin ramin ya shafa. Abin da ya faɗa ya sa ya ƙara daraja a idon mutane, don ba kowa ke iya faɗar irinsa a bainar jama'a ba.

“Baba, ka yafe min dariyar nan. Da na kashe mutane da hannuna, ina ganin taimako na yi.”

“Ba komai, ɗana,” in ji Baba, fuskarsa shuɗiya har gemu. “Tsatsar da ta faɗo ta fata ce, ba ta ci ƙarfen ba, kankarewa da fenti take so. In kana son aiki, daɓen layin masu kifi ya farfashe, mata suna ta zamewa.”

Can simintin ya tafi. Da injiniyar hukuma ta dawo daga taronta ta ji labari, ta zo da kanta. Kwana uku tana bin Baba da takarda da abin awo, yana faɗa tana zanawa, har ginin ya sake samun zanensa. Shugaba ya kafa doka cewa kada kanta ko buhu ya sake rufe murfin ginshiƙi, kuma a kansa dokar ta fara aiki. Ƙato da wani abokin dakonsa suka karɓi tsani da sifana, Baba ya yi kwanakinsa na ƙarshe a bakin aiki yana zaune a ƙasa yana ba su umarni, don gwiwar ta kumbura ta ƙi hawa.

Baba, kai ne ka rarrafa cikin kashin tantabaru shekara arba'in da ɗaya don mu shimfiɗa kaya a busasshen wuri, ba mu taɓa tambayar yadda aka yi ya bushe ba. Kai ne aka ce ka bar wa masu ilimi, alhali ilimin duka a kanka yake. Kai ne aka zaɓar wa ginshiƙin da zai kunyata ka, ka sani, ka hau. Da ka yi zuciya ka koma gida ranar Alhamis ɗin nan, ba wanda zai ga laifinka, kuma da yanzu wani labari ake rubutawa ba wannan ba. Dogo mai tsani, mai raba ruwa da kaya, wannan kirarin ya yi maka kaɗan.

Kwana tara da ajiye aikinsa ruwan farko ya sauka. Da azahar ya fara, kamar da bakin ƙwarya, ya yi awa biyu da rabi bai tsagaita ba. Fasinjojin tasha da masu talla da duk wanda ruwan ya kama a hanya suka kwararo cikin kasuwa, har ba wurin sa ƙafa. Baba ba ya nan. Yana gida, ƙafa a kan matashi, ba ya iya taka ta. Matarsa ta ce tun da aka fara ruwan ya ja jiki zuwa bakin ƙofar ɗaki ya zauna yana kallon tsakar gida. Ta kawo abinci, ya ce ta ajiye. Ta sake ɗumamawa, bai taɓa ba. Ruwa ya ɗauke, bai tashi ba, sai da yamma da 'yarsa ta yi sallama ta shigo da ƙullin ɗinki a ka. Ya dube ta daga sama har ƙasa, ya kasa tambaya. Ta sauke ƙullin ta ajiye masa a cinya, ya sa hannu ya taɓa, ya ji shi a bushe.

“Ko ɗigo, Baba,” ta ce.

Ya sake shafa ƙullin. Sannan ya ce wa matarsa ta miƙo abincin nan.

Mun gode, Baba, mu da muke cikin kasuwar ranar nan, da 'ya'yanmu da suka ga mun dawo gida. Allah ya ba gwiwar nan lafiya, ya sa ka ci moriyar hutunka. Ku kuma masu karatu, ba kasuwarmu kaɗai ke da irinsa ba. A makarantarku ko asibitinku ko ma'aikatarku akwai wani da kuke wucewa kullum, kuna zaton shara kawai yake yi ko korar tsuntsaye. Ku je ku same shi tun yana nan, ku tambaye shi mene ne aikinsa, ku tsaya ya gama faɗa. In kuma ku ne ke riƙe da irin wannan aiki, ku riƙe shi yadda Baba ya riƙe nasa, ko da ɗaki guda zai yi muku dariya, don akwai mutane a ƙarƙashin rufin.